Kwafin Baba Gregory

"Ka shigo mana, Malam Othniel, idonsa biyu," in ji Clara, tana riƙe masa labule.

Othniel ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemu a hannu. Kwana tara ke nan da ɓarin jikin Baba Gregory ya shanye, bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu a Hayin Dogo, amma sai yau ya iya ɗago ƙafa. Kullum sai ya yi sammakon fita jami'a don kada ya haɗu da Clara, 'yar tsohon, tana wanke-wanke a tsakar gida. Kunya ce kawai, kuma ya san dalilinta.

Baba Gregory ya shekara talatin da ɗaya yana buga wa mutane takardu da tafireta a Sabon Gari, kafin kwamfuta ta zo ta kwashe masa mutane. Shi kuwa Othniel digiri na biyu yake yi a kan kwamfutar, kuma Allah ya yi shi da son cin gardama. Wata rana ya dawo daga kafe da wata maƙala da ya ciro a intanet, wadda ke cewa mai yiwuwa duniyar nan duka shiri ne a cikin wata babbar kwamfuta, mu kuma 'yan ciki ne ba mu sani ba. Ya zaci tsohon zai fusata. Sai Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe 'yan boko sun sha zagaye sun dawo inda katikis, malamin coci, ya bar su, tunda shiri ba ya shirya kansa.

Daga nan kullum da la'asar sai gardama a baranda. Baba ya ce mai tsarawa shi ne Mahalicci, a kira shi da kowane suna. Othniel ya ce sam, mai tsarawa daban, Ubangijin da ake yi wa addu'a daban, kuma shi ma mai tsarawar wa ya tsara shi? Duk cikin raha ake yi, har ranar da maƙwabta suka taru, aka fara yi wa Othniel dariya. A nan bakinsa ya kuɓuce.

"Baba, ƙila wani ɗalibi ne kawai yake furojet ɗinsa, bai ma san sunanka ba. Aka ɗauke wuta bai yi sebin ya adana aikin ba, shi ke nan, kowa ya goge. Har Mama Elizabeth da kake cewa tana jiranka."

Ko shekara ba a yi da binne matar Baban ba. Babu wanda ya ƙara dariya. Baba ya jawo tsohon zanen da yake rufe tafiretarsa da shi, ya rufe ta, ya shige ɗaki. Bayan mako biyu ya faɗi a banɗaki.

Yanzu ga shi kwance, bakinsa ya karkace, ɗakin na warin man zafi. Othniel ya durƙusa ya gaishe shi. Tun daga ɗakinsa ya shiryo maganar ban haƙuri, amma da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana bayanin lemu, wai na Gboko ne, ba shi da tsami. Tsohon ya ƙura masa ido, ya yi ta fama da harshensa, da ƙyar kalma ɗaya ta fito.

"Kofi yake so," Othniel ya ce wa Clara. Har daɗi ya ji da ya sami abin yi. Ya tsiyayo ruwa ya kai masa baki. Baba ya kau da kai, ya sake maimaita kalmar, ya sake, sannan ya gaji ya rufe ido. Othniel ya ajiye kofin ya ce zai dawo gobe. Bai dawo ba, kuma ran Alhamis da hantsi Baba Gregory ya rasu.

Bayan an share makoki Clara ta roƙe shi ya taya ta ɗaga tafiretar, za ta kai wa kawunta a Chikaji. Da ya yaye zanen sai ya ga takarda a ciki. Ba ɗaya ba ce, biyu ne, da takardar kabon a tsakaninsu, kuma sunansa ne a sama.

"Malam Othniel, tun da na fara aiki ban taɓa buga takardar mutum ban ajiye kwafi ba, ko da na tsani mai ita. Ni ke nan da ban kai komai ba. To, Wanda ya"

A nan rubutun ya tsaya. Othniel ya dubi kofin, yana nan kan taga inda ya ajiye shi ranar. Ashe ba kofi Baba yake cewa ba, kwafi yake cewa. Clara ta tambaye shi ko nauyi ne ya yi masa yawa, ya ce a'a. Ya murza tafiretar a hankali ya zaro takardun, ya miƙa mata ta sama. Ta ƙasan, mai dishi-dishin rubutu, ya ninke ta biyu ya sa a aljihun rigarsa, shuɗin kabon ya ɓata masa yatsu.