Hawa Aka Koya Mana

Ranar da kamfanin da ya sayi asibitin unguwa ya garƙame ɗakin gashin ƙashi, Gwaggo Tela masifa ta dinga yi har ta karya allurar keke. Mijinta, tsohon direba, ɓarin jikinsa ne ya shanye, kuma a wannan ɗaki ya fara jan ƙafa bayan kowa ya fid da rai. Yanzu wai sashen ba ya kawo riba. Tsoronta ɗaya ne: in aka daina gashin, ƙafar ta sake sandarewa, mutumin ya koma kwance.

Ta bi gida-gida ta tattaro masu zuwa gashi: Mahauci mai ciwon baya, Ungozoma da gwiwoyinta masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa, da sauran tsofaffi. Suka ɗunguma ofishin kamfanin, can saman bene. Lifta kuwa ta lalace, abin da bai ba kowa mamaki ba.

"Malam, ka jira mu a ƙasa," Gwaggo ta ce wa mijinta.

"Wa, ni? Lafiyayyar ƙafa a gaba, mai ciwo ta biyo. Haka likita ta koya mana."

Haka aka hau, ana nishi ana tsokanar juna.

Manaja matashi ne mai daɗin baki. Ya ba su kujeru, ya saurare su da kai a langaɓe, ya ce kamfani ya damu ƙwarai, za a duba. Gwaggo ta san irin wannan "za a duba". Da shi take sallamar masu ɗinki alhali ko yadin ba ta yanka ba.

Suka miƙe rai a ɓace. A bakin matakala direba ya leƙa ƙasa, ya ja ya tsaya. Mahauci ma ya toge. Ungozoma ta nemi wuri ta zauna.

"Baba, lafiya?" in ji manaja.

"Lafiya lau, ɗana. Hawa aka koya mana. Satin da za a fara sauka kuka rufe ɗakin."

Babu wanda ya zo da niyyar zaman dirshan, amma zaman dirshan ya samu. Tsofaffi suka baje a kujerun ofis, suka shanye ruwan sanyin baƙi. Ungozoma ta gano ita ta karɓi haihuwar sakatariya, ta shiga ba kowa labarin irin ihun da ta tsala. Mahauci ya tura hotonsu ta waya, 'yan unguwa suka fara cika ƙofar ginin. Manaja ya kira masu gyaran lifta, suka ce za a duba. Ya kira asibiti a turo wanda ya iya sauko da masu irin wannan ciwo, aka tuna masa da hannunsa ya sallami likitar gashin.

Da abin ya ishe shi, ya tuɓe kwat, ya durƙusa gaban direba.

"Baba, hau."

Gwaggo ta so ta yi dariya, sai ta ga mijinta ya sunkuyar da kai don kunya, mutumin da ya yi rayuwarsa yana juya babbar mota. Tausayinsa ya kama ta. Ta karɓi sandarsa ta biyo su.

Ba su yi rabi ba manaja ya jingina da bango yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Mama, ke yaya kike yi da shi a gida?"

"Kamar yadda kake yi ɗin nan, ɗana, daga gado zuwa banɗaki, har ɗakin gashin nan ya tsayar da shi. Kuma na girmi uwarka. In kun bar shi a rufe, bayana zai dawo."

Daga sama Mahauci, ƙaton gaske, ya leƙo.

"Yallaɓai, yi sauri, ni ne na gaba!"

Manaja ya dubi layin tsofaffin da ke jiransa, ya gyara goyonsa a hankali.

"Mama," ya ce, "kina da lambar likitar nan?"