Cinikina da Dutsen Niƙa

Daren jiya na yi wani mafarki, a cikinsa kuwa aka yi mini abin da ba a taɓa yi mini ba a shekara arba'in da na yi ina dillancin shanu a kara. Aka yi mini wayo a ciniki.

Ga ni zaune a wata rumfa da rana tsaka. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, mutane suna wucewa sun riƙe lema a ƙafafunsu. Wanda ke zaune a gabana dutsen niƙan Innata ne. Na gane shi da tsagar da ke gefensa. Ya sa hula, ya yi ƙiba.

"Sallau," ya ce, "ka tsufa."

"Kai ma ka lotsa," na ce.

To, akwai magana a tsakaninmu. Mu biyar Inna ta haifa, duk maza, ni ne auta, a gidan da babu 'ya mace kuwa aikin 'ya mace kan auta yake sauka. Tun ina shekara bakwai nake durƙuso a kan dutsen nan a bayan zana, in niƙa dawa, in markaɗa waken ƙosai, in murza barkono ina atishawa. Idan abokaina suka yi sallama, sai Inna ta ce musu na tafi kiwo. Na girma, na auri Hajiya Indo, har muka ga jikoki, ba wanda ya taɓa sani. Ni ne ma mai bakin cewa a majalisa tuwon da can ya fi daɗi, matan yanzu inji ya sangarta su.

"Kara zan shiga," in ji dutsen, "in ba da labarinka. Har da waƙar da kake yi idan hannunka ya yi zafi."

"Me za a ba ka ka yi shiru?"

"Injin markaɗen gidanku."

Wato ɗan ƙaramin nan na kan teburi da yara ke cewa bilenda, wanda 'yarmu ta kawo wa uwarta.

"Albarka," na ce, don ba a kama tayin farko. Na yi masa tayin rediyona, ya ce ba shi da kunne. Na yi masa tayin fanka, ya ce shi ba ya gumi. Sai na yi tunani irin namu: duk rayuwata dukiyar mutane nake sallamawa, injin na Hajiya ne, mutuncin kuwa nawa ne. Na miƙa hannu a ƙarƙashin riga yadda muke yi, na taɓa sanyinsa.

"Na sallama."

Sai ga mu a ofis. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan kujera, akuyoyi biyu suna yi masa fifita. Ya rubuta takardar ciniki, ya buga hatimi, ya cinye ta.

"Haka muke adanawa," ya ce. "Da bakinka ka ce ka sallama?"

"Da bakina, ranka ya daɗe."

"To a ƙasar nan ba a tayar da ciniki. Na gaba."

A bakin ƙofa na ci karo da injin. Ya naɗe wayarsa ya saɓa a kafaɗa kamar mai tafiya ci-rani.

"Shekara tara ina gidanka," ya ce, bai ko dube ni ba. "Ko sannu ba ka taɓa ce mini ba. Kullum sai dai ka ce na hana ka jin labarai."

Ya tare wata jimina ya hau.

Sai ga ni a madafin Inna na garinmu. Hayaƙi yana gangarowa yana shigewa cikin murhu. Inna tana nan da ranta, ba ta fi shekara talatin da biyar ba, ni kuwa da furfurata. Ta soka wayar injin a jikin zana, ta zuba wake, ta danna. Kafin ta gyara ɗaurin kallabinta ya zama ƙullu. Ta dubi ƙullun, ta dubi tafin hannunta, ta daɗe tana dubawa.

"Auta, wannan abin yana gidanka kake ce wa mutane tuwon da can ya fi daɗi?"

"Inna, ai ya fi."

"Yunwa ce. Kafin a niƙa a tankaɗe a tuƙa, duk kun galabaita. Ko ƙasa na kwasa muku za ku ce ta yi gardi."

Ta jawo kujera ta zauna, ta miƙe ƙafa. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta zauna da rana hannunta babu komai ba. Da niyyar roƙonta ta maido mini na shiga. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko in kawo mata ruwa.

Sai ga ni a tsakiyar kara, ranar kasuwa. Shanu ne zaune a kan benci, suna buɗe bakin dillalai suna duba haƙora. Hajiya Indo ta keto cikinsu da ƙwarya a kai, ta dire a gabana.

"An ce ka sallama injina. To baƙi suna hanya, ga wake nan na jiƙa."

Dutsen yana kwance a fili, ya cire hula, da ɗansa a kansa.

Na ce a raina abin mai sauƙi ne, sai in nuna ban iya ba. In riƙe ɗan dutsen a karkace, in zubar da rabin waken, a yi dariya, a ce aikin mata ya gagari Alhaji. Na tattare riga na sunkuya. Gwiwoyina ne suka fara cin amanata, suka sauka daidai inda suka saba. Hannun hagu ya ɗebo wake, na dama ya yayyafa ruwa, ba wanda ya shawarce ni. Ƙullu ya fara gangarowa, laushi kamar man shanu. Can sai na ji wani yana rera waƙa da siririyar murya. Na waiga ban ga kowa ba. Ashe ni ne.

Nomau, wanda muka shekara talatin muna ƙwace wa juna masu saye, ya matso ya tsuguna, ya dangwali ƙullun ya murza a yatsa.

"Jama'a, ku zo ku gani. Sallau, wannan hannun ba na koyo ba ne."

Na dubi dutsen. Ya cika alkawari, ko tari bai yi ba.

Nan na ɗaga murya ina kiran injin. Na ce sannu da aiki, sannu da shekara tara. Na ce Allah ya saka wa wanda ya ƙera ka, ya jiƙan iyayensa. Ka dawo ka yi ƙararka, labaran ma duk na tashin hankali ne. Ina faɗa ina niƙa, don hannun ya ƙi tsayawa.

Ƙarar bokiti da aka dire a kan siminti ce ta tashe ni. Gari ya waye. Ina durƙushe a kan katifa, na kama matashi da hannu biyu ina tura shi gaba ina jawo shi baya. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba.

"Alhaji," ta ce, "ashe da ma ka iya? Har da waƙa?"

"Motsa jiki nake yi. Likita ya ce."

"Madalla. Sun ɗauke wuta tun asuba, ga wake ya jiƙu. Bari in aika gidan Lantana a aro dutse, ka ƙarasa motsawa."

Lantana kuwa matar Nomau ce.

Na fita na tarar da injin a kan teburinsa, na gaishe shi a ladabce. Yanzu ga yadda cinikin ya tashi: Inna ta samu zama, Hajiya ta samu mai niƙa duk ranar da babu wuta, Nomau ya samu labarin da zai ci da shi har Sallah. Wanda ya faɗi shi ne dillalin, ga shi ƙosan ma an ce ya fi na kullum daɗi.