Gahawar da Ba a Sha Ba

Mutum ashirin da uku na ƙirga ta tagar kicin, kowa da jan rawaninsa, sun cika mana falo. Sun zo neman sulhu ne a kan idon 'yata Lujain. Wai sulhu!

Wata huɗu da suka wuce, lokacin matsar zaitun, Muhannad ɗan baffan mijina ya ce zai kai ta gidan kakarta a garin Ajlun. Da hannuna na ɗaura kujerar yara a bayan motarsa, na zaunar da ita, na ja bel ɗin har ya ce ƙas.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Suhaila, kin ɗaure yarinya kamar tunkiyar layya. Mu da muka girma a bayan akori-kura, wa ya mutu?"

Na ce, "Kai dai ka bar ta yadda na sa ta."

Ashe da ya tsaya ɗaukar garwar man zaitun huɗu sai wuri ya yi masa kaɗan. Ya kwance kujerar ya jefa a but, ya ɗora 'yar shekara huɗu a cinyarsa, wai tana koyon tuƙi. A shataletale ya daki bayan wata motar kayan miya. Bugun ma ba wani mai ƙarfi ba ne, fitila ɗaya kawai ta fashe. Amma jakar iskar da ke cikin sitiyari ta faso, kuma fuskar Lujain ta fara samu. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, don jikin 'yata ne ya tare masa. Idonta na hagu ya tafi ke nan.

Na san mijina Nidal. Mutumin kirki ne har abin ya yi yawa. Za a zuba wa babban baƙo gahawa, ya ajiye finjalin a ƙasa ya ce ba zai sha ba sai an biya masa buƙata, Nidal ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku sha gahawarku." Shi ke nan, an yafe, a kawo shinkafa da rago. Wallahi tun safe zuciyata take tafasa.

Ni na dafa gahawar, kuma na dafa ta da kyau. Ina laɓe a bakin ƙofa na ji dattijo Abu Fawaz, babban baƙon, ya ajiye finjali yana cewa, "Ƙaddara ce, ɗana. Jini ɗaya ne ku."

Sai na durƙusa na cire wa Lujain baƙin tabaranta. Na ce, "Je ki gaida Baffa Muhannad." Na ɗauko kujerar nan, har yanzu da maiƙon zaitun a jikinta, na bi bayanta cikin maza.

Nidal ya miƙe. "Suhaila, meye haka?"

Na dire kujerar kusa da finjalin. Na ce, "Baba Abu Fawaz, ka gafarce ni. Ga ƙaddarar, daga but aka ciro ta."

Muhannad tun ranar asibiti bai yarda ya ga yarinyar ba. Ita kuwa ba ta san komai ba, da gudu ta je ta haye cinyarsa, ta ɗaga masa fuska, da ramin idon da tabon ɗinkin.

Ta ce, "Baffa, yaushe za mu sake tuƙi?"

Ƙato guda ya rushe da kuka a gaban dattawan danginsa. Ya so ya kau da kai, na ce, "A'a, ka kalle ta. Ni kullum sai na wanke wurin sau biyu."

Abu Fawaz ya dubi Nidal yana jira. Nidal ya kalli 'yarsa, ya ƙi cewa su sha gahawarsu. Ɗaya bayan ɗaya baƙin suka nemi takalmansu.

Na ɗauki finjalin ya yi sanyi ƙalau, na tuttule a makwarara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, daɗin da rabona da shi wata huɗu.

Lujain ta biyo ni kicin tana jan zanena.

"Mama, me ya sa Baffa kuka?"

"Abin da ya yi ne ya tuna."

Sai ta ce, "Shi da ido biyu yake yi."