Maganin Riƙe Ciki

Mai walda ya ɗaga katifar matarsa ya wurgar gefe. Ga katin ƙwayoyi nan, an sha rabi.

"Shekara tara ina roƙon Allah ɗa, ashe ke kina nan kina toshe hanya?"

"Don Allah tsaya ka ji," in ji matarsa.

Bai tsaya ba. Mari ɗaya, ta bugu da kabad, tangaran suka zube. Ya zaro guduma daga jakar aikinsa, ya dandaƙe katin a kan siminti har ya koma gari. Sunan kemis na jikin ledar maganin. Ya ɗauka ya fita.

Da ya isa kemis ɗin, ko sallama bai yi ba. Ya cafki wuyan rigar mai kemis, ya jawo shi ta saman kanta, kwalabe suka tarwatse.

"Kai ke sayar wa matan mutane maganin hana haihuwa?"

Mai kemis ya tofar da jini, ya dubi ledar.

"Sake ni, mahaukaci! Na riƙe ciki ne, likita ya rubuta. Bangon mahaifa yana tsatso wani ruwa, shi ɗan tayi ke ci kafin mabiyiya ta kafu. Wani sinadari a jini ke sa shi tsatsowa. Na matarka ya yi kaɗan, shi ya sa ta yi ɓari har uku. Ƙwayar nan ke cike giɓin. Kullum ƙarfe biyu, ba fashi."

Hannun mai walda ya saki.

"Ciki gare ta?"

"Sati bakwai. Ta ce kar ka sani sai ya zauna. Wai wancan karon kwana uku ka yi ba ka ci abinci ba."

Agogon bango ya nuna biyu saura kwata. Mai kemis ya jefa masa sabon kati a ƙirji.

"Ba don kai ba."

Da gudu ya koma. Ya tarar da ɗakin a kulle, muryar yayar matarsa na fitowa daga ciki.

"Taɓa ƙofar nan ka gani, ɗan iska. Wallahi da taɓarya zan fasa maka kai."

Ya durƙusa, ya tura katin ta ƙarƙashin ƙofa. Can ya ji ana tsiyaya ruwa a kofi.

"Yaya," ya ce, "akwai jini?"

Ya zauna a dokin ƙofar.