Zoɓon Gwajin Nasrullahi

Ni ba 'yar sa-ido ba ce, aiko ni aka yi. Da Nasrullahi ya fito neman auren jikata Mahfuza, ubanta ya bugo min daga Kano ya ce, "Hajiya, tunda kina Dubai wajen Salmanu, ki bincika mana halinsa. Abin da kika ce shi za a yi."

Kamila, matar ɗana Salmanu, ita ta fara tsegunta min. Wai a nan Dubai, a Jebel Ali, yake gyaran injin sanyi, a wani sito da ake ajiye jar giya. Na ce, "Iyye!"

Ranar Juma'a ya zo gaishe ni. Na bugi cikinsa, "Ɗan nan, ita abar nan da kuke ajiyewa a sito ba ta ruɓewa?"

Sai baki ya buɗe. Wai ta ƙasashen sanyi ta fi daɗewa, don inabinsu a hankali yake nuna, tsaminsa ke riƙe ta. Wata sai ta shekara goma sha biyar a kwance cikin duhu tana ƙara kyau, amma zafin yini guda ya kashe ta.

"Kai ko ka san ta kamar kakarka!"

"Wallahi Hajiya, ma'aunin sanyi kawai nake dubawa. Ban taɓa kai ta baki ba."

Na ce to. Mai tsaron tukunya ne zai ce bai san gishirin miya ba?

Na haɗa zoɓo da sukari, na toshe a gora, na ɓoye bayan labule inda rana ke duka. Kwana shida, gora ta kumbura. Da ya dawo na tsiyaya masa, na kafe shi da ido. In ya lumshe ido ya lashe leɓe, Mahfuza ta yi masa nisa.

Kurɓa ɗaya ya yi, ya ruga banɗaki yana kakari, har hularsa ta faɗi.

Kamila ta shinshina kofin ta dafe ƙirji. "Hajiya! Ai ke kika haɗa giyar, a gidanmu!"

Na ce ta rufa min baki, na yi istigfari. Na kira Kano na ce a ba shi Mahfuza, amma ya nemi aiki a siton kifi kafin biki. Kuma har yau in ya durƙusa gaisuwa sai na matso na shaƙi numfashinsa.