Faifan Mai Goge

Shekara goma sha tara na yi ina kula da ɗakin faya-fayai na gidan rediyonmu, ban taɓa ɓatar da ko kwali ba. Na faɗi haka ne don a san ba sakaci ne ya kai ni ba, bin doka ne.

Ƙa'idar ɗakin ba ta da wuya. Kowane faifan tef yana da lamba, yana da kati a durowa. Ranar da mai shiri ya ɗauki faifai zai sa a iska, sai in buga hatimin kwanan wata a katinsa. Shi ya sa Baba Lahadi yake ce mini Uwar Hatimi. Shi kuma sunan ya bi shi ne saboda shirinsa na kiɗan mutanen da, wanda yake gabatarwa duk Lahadi da ƙarfe huɗu tun kafin a ɗauke ni aiki. Mutumin kirki ne, zai ba ka rigarsa ya tafi gida da singileti, amma a kan faifai ban taɓa ganin marowaci irinsa ba.

Kowa a gidan ya san labarin faifan Mai Goge. Baba ne da kansa ya ɗauki kiɗan, zama ɗaya, minti arba'in. Bayan sati uku mutumin ya rasu a hatsarin mota, ya bar matarsa da ciki, kuma babu inda aka taɓa ɗaukar kiɗansa sai nan. Tef ɗin da aka samu a ranar mara kyau ne. Da Baba ya zo mayar da shi baya sai ya ga wani jan gari yana zuba daga jikinsa, ya tsayar da injin, ya rantse ba za a sake juya shi ba sai ranar da aka kawo na'urar kwafa. Bai taɓa gaya wa kowa lambarsa ba, don kada wani mai rawar kai ya ɗauka ya sa. Mu duk mun ɗauka a gidansa yake ɓoye, shi kuma ya bar mu a haka.

Cikin da aka bari ya zama mace, ta girma ta zama malamar asibiti a wani gari mai nisa. Duk shekara takan zo ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta roƙi ko minti ɗaya ta ji hannun mahaifinta. Shi kuma ya ba ta shayi da haƙuri, ya ce ajiya maganin wata rana. Nakan ji haushinsa a ranakun nan, don ina ganin yadda take goge ido a bakin matakala.

Na'urar ta zo a watan da Baba yake kwance an yi masa aikin ido. Aro ce, ta sati biyu, kuma Injiniya ya lissafa ya ce faifai ɗari shida kaɗai za ta iya kwafewa cikin dubu biyu da wani abu. Sabon Manaja, wanda rabin ɗakina yake so ya mayar ofishin talla, ya ce abin ai a fili yake: a zaɓi waɗanda aka fi sawa, wanda kuma ya shekara goma ba a taɓa shi ba a fitar da shi. Na yi gunaguni, amma na zauna na bi kati ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wani fari fat, ba hatimi ko ɗaya, lamba ɗari huɗu da tara, an rubuta “goge” da fensir a ƙasa. Ban yi ko daƙiƙa biyu a kansa ba. Faya-fayan da na ware aka kwashe a baro aka ƙone a bayan ɗakin janareta, warin roba ya kwana uku a cikin ginin.

Ranar Juma'a Baba ya dawo da baƙin tabarau, bakinsa har kunne. Ya ji an kwafe faya-fayai, ya ɗauka duka ne, har ya buga wa yarinyar waya ta taso. Ya jingina da kantata ya rage murya kamar mai faɗin inda ya binne tukunyar zinariya.

“Uwar Hatimi, yau zan ba ki sirrin. Ɗari huɗu da tara. Ki ce wa Injiniya ya shirya mini shi jibi.”

Na ce to, Baba. Wannan “to” ɗin ita ce abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Ranar Asabar na tafi bayan ɗakin janareta da sanda ina tona toka kamar mahaukaciya. Robobi ne narkakku sun manne da juna, ba a gane na wane da na wane. Na duba jerin waɗanda aka kwafe a kwamfuta sau uku duk da na san abin da zan gani. Shekara ashirin da bakwai yana kare faifan daga inji, ashe gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago, kuma hannuna ne ya tura shi.

Sai ƙarfe uku na ranar Lahadi na iya gaya masa, a tsaye a baranda. Yarinyar tana cikin situdiyo, ta sa kayanta masu kyau, ta ɗora jaka a cinya. Na zaci zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Ya cire tabarau ya goge, ya tambaye ni ko katin ba hatimi ne. Na ce babu. Ya gyaɗa kai ya ce ai kuwa ba zai kasance da shi ba, sannan ya wuce ciki yana laluben bango.

Da jar fitilar fara shiri ta kama, na tsaya bayan gilashi kusa da Injiniya. Baba ya yi sallama yadda ya saba, ya faɗi wane ne Mai Goge, ya faɗi yadda yake riƙe bakan gogensa da yadda yake rufe ido in zai fara. Sannan ya gaya wa masu sauraro gaskiya, cewa faifan ya ƙone, kuma laifin nasa ne da ya ɓoye abin da aka yi don a ji. Bai ambaci sunana ba. Yarinyar ba ta motsa ba, sai dai hannunta ya damƙe jakar.

“'Yata,” ya ce mata, makirufo a buɗe, “kunnena kaɗai ya rage. Sau ɗaya na ji shi, amma bai taɓa barina ba. Ki yi haƙuri da muryar tsoho.”

Ya rufe baki ya fara rera kiɗan ta hanci. Muryar tana rawa, numfashi yana yanke masa, amma ya riƙe zaren. Yarinyar ta zaro wayarta tana ɗauka, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Injiniya, wanda ban taɓa ganin abu ya taɓa shi ba, ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa tun bai yi nisa ba na gane kiɗan. Na wani mai goge ne daban, ɗan wani yanki, wanda Baba yake yawan rufe shiri da shi. Na ji shi ya fi sau ɗari ta lasifikar ɗakina. A shekarun nan ya shige kan tsohon ya zauna a gurbin wancan, shi bai sani ba.

Da aka rufe shiri yarinyar ta durƙusa ta riƙe hannunsa ta ce yau ta ga ubanta. Ta sauka matakala tana sake kunna wayar, ta kara a kunne. Baba ya fito a gajiye, ya dafa kafaɗata.

“Kin ji wurin nan da yake hawa sama ya tsaya? Duk duniya ba mai yin haka sai shi.”

Na ce, “Na ji, Baba.”