Fitilar Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe huɗu daidai fitilar ta kama. Ɗan koren haske ne kamar ƙwayar wake, a saman wani akwatin roba da ke kan tebur, tsakanin kwalbar maganin hawan jini da gidan tabarau. Malama ta ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku. Hasken ya ɗauke. Ta miƙa yatsa ta danna maɓallin da ke gefen akwatin, kamar mai amsa sallama, sannan ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Dogon hannun bai ko gusa daga kan sha biyu ba.

Yau kwana goma sha tara ke nan ana haka.

Akwatunan biyu ne, tagwaye. A kan wannan tebur aka haɗa su lokacin dogon hutu, sa'ad da ɗanta Injiniya ya kawo mata iyalinsa na mako uku. Jikarta mai shekara tara, wadda Malama ke kira Tarwaɗa don ba ta riƙuwa a wuri ɗaya, ita ta zo da kwalin kayan: ƴan alluna biyu masu ƙafafun ƙarfe, wayoyi ja da baƙi, maɓallai, da ƙwayayen fitila. Dabarar ba wuya. In an danna a nan, ta kama a can; in an danna a can, ta kama a nan, komai nisan garin, muddin akwai intanet.

Shekara talatin da huɗu Malama ta yi tana koyar da kimiyya kafin ta ajiye alli, don haka ita ce mai riƙe waya, yarinya ce mai narka dalma.

"Kaka, hannunki rawa yake yi kamar na mai kiɗa."

"Bakinki ma rawa yake yi, ban ce komai ba. Liƙa."

Liƙin maɓallin Tarwaɗa bai yi kyau ba. Dalmar ta dunƙule kamar kashin awaki, ba ta kama ƙafar sosai ba. Malama ta ce a sake, yarinya ta rungume akwatin ta ce nata ne, haka take son sa. Shi ya sa duk lokacin da ta danna, fitilar kakarta sai ta yi ta ƙifce-ƙifce kafin ta tsaya, kamar mai in-ina.

Bayan sun tafi da ɗayan akwatin, gidan ya koma yadda yake tun rasuwar maigidan: kujeru shida, mutum ɗaya. Amma fitilar ta riƙa yin hauka. Ta kama da sassafe, ta kama ana tsakiyar cin abinci, wani lokaci sau bakwai a jere. Sai ta fara tsallake kwana. Sai kwana uku. Sai mako guda cur, shiru. Malama ta ambata wa ɗanta a waya, a fakaice, tsakanin zancen ciwon gwiwa da na mai gyaran famfo. Washegari, ƙarfe huɗu, fitila ta kama.

Makon farko murna ta rufe mata ido. Takan kammala komai kafin lokacin, ta ja kujera, ta zuba shayi. A mako na biyu malamar da ke cikinta ta farka. Ta koyar da yara fiye da dubu, ba ta taɓa ganin wanda ya zo a kan lokaci kwana goma a jere ba, ko da bulala. Ga kuma hasken kansa: tsaf yake kamawa, tsaf yake mutuwa. In-inar ta warke ba tare da an sake liƙi ba.

Ta sha gaya wa ɗalibanta cewa zato ba ilimi ba ne sai an gwada. Ran kwana na ashirin, saura minti uku ƙarfe huɗu, ta kira wayar surukarta ta ce a ba ta Tarwaɗa.

"Kaka! Muna cikin mota, an kai ni cire haƙori. Ba ki ga ramin ba, harshena har shiga yake yi!"

"Madalla, kin fara kamo ni a giɓi ke nan. Saura guda nawa mu yi kunnen doki?"

Yarinya ta tuntsire da dariya, ta shiga labarin likitan da kumatunsa. Malama na "uhm, uhm", idonta a kan tebur. Ana cikin zancen allura fitilar ta kama. Ɗaya, biyu, uku.

"Kaka, kina ji na?"

"Ina jin ki, ƙawata. Ki kurkure da ruwan ɗumi."

Ran nan ba ta danna maɓallin ba. Ta zauna har shayin ya yi sanyi ya yi fata a sama. Sai bayan an tashi daga aiki ta kira ɗanta.

"Injiniya, layi nawa ka ƙara a cikin umarnin akwatin nan don ya riƙa danna kansa?"

Tun yana yaro haka yake, sai ya haɗiyi yawu kafin gaskiya ta fito.

"Huɗu, Umma."

"Ina akwatin yake?"

"Yana... saman kantar littattafaina. A ƙarƙashin gadonta na tsince shi, ta cire wutar ta jona wani abin. Yarinta ce, Umma, ba wai ta manta da ke ba. Na ga kin damu, na ce da babu gara ba daɗi."

"Wanda ya fara faɗin wannan magana bai taɓa zama jira ba," in ji Malama. "Kwana goma sha tara ina gaisawa da agogo, ina kuma yi masa godiya. Ka san dalmar da ƴarka ta liƙa ba ta kama ba? Da ka tambaye ni, da na koya maka yadda ake ƙaryar da kyau."

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Ban yi fushi ba. Tausayi ne, na gane shi. Amma ka goge layukan nan. Ka mayar mata da akwatinta ɗakinta, ka jona, ka fito. Kada ka ce mata komai. Uwarta ma kada ta ce."

"In kuma ba ta danna ba fa?"

"To, na san ba ta danna ba."

Washegari ƙarfe huɗu ya zo ya wuce kamar baƙon da ya ɓata gida. Malama ta tarar da kanta a kujerar, kofi a hannu, don ƙafa ba ta san abin da kai ya yanke ba. Rana ta biyu ta ɗauki tsintsiya a lokacin. Rana ta uku ta fita baranda ta tsinke busassun ganyen shukarta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su gama bushewa ba. Sau biyu yatsanta ya kai kan maɓallin ta janye. In ta fara dannawa, roƙo ya zama. Abin da aka roƙa kuwa ta riga ta ɗanɗana shi.

A rana ta shida ta yi tunanin kiran ɗanta ta ce ya mayar da layukan. Har ta ɗauko wayar. Ai agogon bai taɓa saɓa mata alkawari ba, abin da ba za ta iya faɗa game da mutane ba. Ta daɗe tana kallon sunansa, sannan ta kife wayar a kan tebur ta tafi ta jiƙa wanki.

Ran Asabar da rana tsaka tana wanke kofinta guda da cokalinta guda, sai ta ga wani kore-kore yana wasa a jikin gilashin kabad. Ta juyo. Fitilar ce. Ta ƙifta, ta ɗauke, ta ƙifta sau biyu, ta tsaya, ta sake sarƙewa kamar mai son faɗin magana ta ƙi fita.

Hannu ne, wannan babu shakka. Amma na wa? Yana iya zama surukarta ce ke goge ƙura. Yana iya zama Injiniya ne, wanda yanzu ya san sirrin dalmar, tunda da bakinta ta gaya masa. Wayar tana nan kan tebur, kira ɗaya zai raba gardama. Gwajin ba zai ci minti biyu ba.

Malama ta dubi wayar. Ta dubi fitilar, wadda har yanzu ke ta in-inarta.

Ba ta ko tsaya goge hannu ba. Ta ɗora jiƙaƙƙen yatsanta a kan maɓallin, ta danna, ta bar shi a kai.